Daga Lifidi Zuwa Shimfiɗar Teburi: Ɗinkin Ciko da Surfanin Keke a Ƙasar Ɗanbatta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake ɗinka siririyar shimfiɗar teburi mai ciko wadda ake ƙawatawa da surfanin keke, irin wadda ake gani cikin kayan ɗakin amare a garuruwan arewacin Kano kamar Ɗanbatta. Maƙalar ta nuna cewa duk da baƙuntar siffar wannan shimfiɗa, dabaru biyu da aka gina ta a kansu, wato ɗinkin ciko da surfani, sun daɗe a ƙasar Hausa. An bi diddigin na farko zuwa ga lifidin mayaƙa, na biyu kuma zuwa ga aikin babbar riga. Daga nan aka fayyace matakan ɗinkin, tun daga awo har zuwa rufe baki, tare da dalilin kowane mataki. A ƙarshe an tattauna sauye-sauye uku da keke ya haifar: komawar ikon zane daga hannun mai ɗinki zuwa hannun mai na'ura, shigar mata cikin sana'ar da a da ta maza ce, da kuma halin da kalmomin sana'ar suka shiga.

Fitilun Kalmomi: ɗinkin ciko, surfani, lifidi, keken ɗinki, kayan ɗaki, Ɗanbatta

1.0 Gabatarwa

Nazarin tufafin Hausawa ya fi karkata ga manyan kaya: babbar riga, da rawani, da alkyabba, da turkuɗi. Ayyukan Philip Shea (1975) a kan rini da fataucin baƙin yadi a ƙasar Kano, da na David Heathcote (1979) a kan surfanin tufafin Hausawa, da na Colleen Kriger (1988) a kan rigunan Daular Sakkwato, duk sun haskaka wannan ɓangare. Ƙananan kayan da ake shimfiɗawa a cikin ɗaki kuwa, irin su zanen gado, da rigar matashi, da labule, da shimfiɗar teburi, ba su sami irin wannan kulawa ba. Alhali a yau su ne hanyar samun kuɗin shiga ga ɗimbin mata da ƙananan teloli a garuruwan karkara.

Abin da ake nufi da shimfiɗar teburi a nan shi ne dogon ƙyalle siriri da ake ratsawa a tsakiyar teburi ko saman durowa, ba tare da ya rufe shi baki ɗaya ba. Idan aka ce mai ciko, ana nufin falle uku ne aka haɗa: fuska a sama, ciko a tsakiya, shafi a ƙasa, sannan aka bi su da layukan ɗinki domin su zama abu guda. Manufar maƙalar ita ce ta bayyana yadda ake wannan aiki, da inda dabarunsa suka samo asali, da abin da yake nunawa game da makomar sana'ar ɗinki a wajen birni.

2.0 Ɗanbatta da Muhallin Sana'ar

Ɗanbatta tana arewa da birnin Kano a kan hanyar da ta nufi Kazaure da Daura. Gari ne da aka daɗe ana danganta shi da sarautar Sarkin Bai ta Dambazawa, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutane sama da 200,000. Yankin yana cikin irin ƙasar da Michael Mortimore ya bayyana a nazarinsa na karkarar Kano: gonaki a jere babu saura, ana noma su kowace damina da taimakon taki, jama'a kuma a cunkushe. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne ginshiƙin noman damina, madatsar ruwa ta Tomas kuma ta buɗe ƙofar noman rani.

Inda gona ta yi ƙaranci, sana'ar hannu takan cike giɓi. Polly Hill (1969) ta ja hankalin manazarta ga cinikin da matan aure suke yi daga cikin gida ta hannun yara, wanda ba a ganin sa a fili amma yana ɗauke da kaso mai nauyi na tattalin arzikin gari. Ɗinkin kayan ɗaki ya dace da wannan tsari ƙwarai. Keke guda a tsakar gida ko a lungun ɗaki ya isa, yadi da zare ana sayo su daga Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi a Kano, ko kuma a kasuwar garin da take ci ranar Lahadi, abin da aka ɗinka kuma yana samun mai saye ta hanyar dillaliya ko 'yan uwa. Kasuwarsa takan buɗe bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo hannu kuma bukukuwan aure suka yawaita.

Akwai wani abin lura game da amfanin shimfiɗar. A ƙasashen Turai an san ta da teburin cin abinci. A mafi yawan gidajen karkarar Kano kuwa a kan tabarma ko leda ake cin abinci, faifai kuma shi ne murfin kwano da matashinsa. Saboda haka shimfiɗar teburi ta shigo ne ta ƙofar jere. Wurinta shi ne teburin tsakiyar falo, ko saman durowar madubi, ko gaban kabad ɗin da aka jera kwanuka da tangaran. Aikinta ado ne da kare katako daga ƙura da ƙarzuwa, kuma akan so launinta ya dace da na zanen gado da labule. Wannan ne ya sa sau da yawa ake ɗinka ta daga ragowar yadin da aka yi sauran kayan da shi.

3.0 Tushen Dabarun

3.1 Ɗinkin Ciko

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Kano. Lifidi kuwa ba komai ba ne face yadi falle biyu da aka cusa wa auduga ko audugar rimi a tsakani, aka bi shi da ɗinki layi-layi domin cikon kada ya zube wuri guda. Kaurinsa shi yake tare kibiya daga jikin doki da mahayinsa. Joseph Smaldone (1977) ya yi bayanin matsayin 'yan lifida a rundunonin Daular Sakkwato, har yau kuma ana ganin su a hawan salla na Kano da Katsina da Zazzau. Dabarar ba ta tsaya ga Hausawa kaɗai ba. An yi irin wannan rigar yaƙi a Borno da Sudan da Turai, a tsibirin Sisili kuma an ɗinka wani shahararren mayafin gado mai ciko a ƙarshen ƙarni na 14, kusan zamani ɗaya da Kanajeji.

Ƙa'idar da ta riƙe lifidi ita ce take riƙe da shimfiɗar teburi. Ciko ba shi da ƙarfin kansa. Layukan ɗinki su ne suke raba shi gida-gida, kowane gida ya riƙe rabonsa. In layukan sun yi nisa da juna, ciko zai dunƙule bayan wanki. In sun matsu da yawa, abin zai sandare ya rasa laushi. Mai ɗinkin lifidi da mai ɗinkin kayan ɗaki duk wannan ma'auni suke nema, bambancin kawai shi ne ɗaya kariya yake so, ɗaya kuma kyan gani.

3.2 Surfani

Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851 ya tarar da saƙa da rini da ɗinki su ne jigon arzikin ƙasar, ana fitar da kayanta har Tambutu da ƙetaren Sahara. Darajar riga a wancan zamani tana ga aikin da aka yi mata. Aska biyu, da aska takwas, da tambari, da dagi, sunayen zane ne da kowane mai saye ya sani, ana yin su da zaren tsamiya ko alharini ko auduga. Aikin ya kasu tsakanin mutum biyu: mai zane, wanda yake shata siffar a kan yadi da tawada da alƙalami, da mai ɗinki, wanda yake cike ta da allura. Heathcote ya nuna kusancin wannan sana'a da malamai da almajirai, domin hannun da ya saba da rubutun allo da zayyana shi ya fi iya shata irin waɗannan layuka. Riga guda mai cikakken aiki takan ɗauki watanni.

3.3 Shigowar Keke

A shekarar da Barth ya shiga Kano, wato 1851, Isaac Singer ya yi wa keken ɗinkinsa rajista a Amurka. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da kafuwar kantunan kamfanonin Turawa sun sauƙaƙa shigowar kekunan cikin ƙasar Hausa, daga baya kuma ƙirar Sin irin su Butterfly suka sa farashinsu ya sauko har ya kai ga ƙauyuka. Dangane da surfani, ana iya raba kekunan zuwa kashi huɗu.

Na farko shi ne keken ƙafa na gama-gari. Ɗinkinsa miƙaƙƙe ne, amma idan aka cire ƙafar da take danne yadi, aka rufe haƙoran da suke jan sa, mai ɗinki yana iya juya yadin da hannunsa ta kowace fuska ya fitar da fure ko ganye. Na biyu shi ne keken ɗinkin sarƙa, wanda asalinsa ƙirƙirar Antoine Bonnaz ce a Faransa a shekarun 1860, kamfanin Cornely kuma ya yaɗa shi. Yana da mariƙi a ƙarƙashin teburinsa wanda ake murzawa domin sauya alƙiblar ɗinki. Na uku shi ne keken lantarki mai allura mai kai-komo hagu da dama, irin Singer 20U, wanda ake faɗaɗa ɗinkinsa ko a tsuke shi yayin da ake aiki. Na huɗu shi ne na'ura mai kwamfuta, irin ƙirar Tajima da Barudan na Japan, wadda take karanta zane daga fayil ta ɗinka shi da kanta, wata ma da kawuna da yawa masu aiki lokaci guda. Kashi uku na farko duk suna buƙatar ido da hannun gwani. Na huɗu ne ya zo da sabon al'amari, kamar yadda za a gani a gaba.

4.0 Matakan Ɗinkin Shimfiɗar

4.1 Kaya da Awo

Teloli da inci suke awo, yadi guda kuma inci 36 ne. Shimfiɗar da za ta dace da matsakaicin teburi takan kai faɗin inci 14 da tsawon inci 60. Idan faɗin yadin ya kai inci 60, yadi guda zai fitar da fuska biyu, domin inci 15 sau biyu bai cinye 36 ba, ragowar kuma ya shiga aikin baki. Fuska ana son ta da yadi mai matsattsiyar saƙa kamar shadda ko audugar zanen gado, saboda yadi mai santsi ko mai talewa ba ya riƙe surfani da kyau. Shafi kuwa kowane yadin auduga mara tsada ya wadatar. Ciko iri uku ne ake samu: siririn soso, da farin ciko na roba mai kama da auduga wanda ake sayarwa a naɗe, da tsohon bargo ko zane mai kauri. Soso yana da arha kuma yana tashi da kyau, sai dai yakan ruɓe ya zama gari idan ya daɗe cikin zafi. Ana yanka ciko da shafi su ɗara fuska da kamar inci 2 ta kowane gefe, domin ɗinki yana jan su ciki.

Kafin a sa almakashi ana wanke yadin auduga a goge shi. Dalili shi ne auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma kowane yadi da irin tsukewarsa. Idan fuska ta tsuke shafi bai tsuke ba, shimfiɗar za ta lanƙwashe, guga kuma ba za ta miƙar da ita ba. Wankin yana kuma bayyana yadin da yake zubar da launi tun kafin ya ɓata farin zare.

4.2 Zane da Surfani

Ana yin surfani a kan fuska ita kaɗai, kafin a haɗa ta da sauran fallayen, domin ƙulle-ƙullen bayan aikin su ɓuya a ciki. Ana naɗe yadin gida biyu a tsaye da a kwance a fitar da tsakiyarsa, a shata da alli. An fi sa babban zane a kan bakuna biyu, a bar tsakiya fili, tunda nan ake ɗora kwalbar fure ko faranti. Zanen da aka fi so su ne furanni, da ganyaye, da taurari, da dagi, da gajerun kalmomin maraba. Ana kauce wa siffar mai rai saboda fahimtar addini da ta yaɗu a tsakanin jama'a, ana kuma kauce wa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, domin abu ne da ake ɗora kaya a kansa kuma a wanke shi tare da sauran tufafi.

Babbar matsalar surfanin keke ita ce tattarewar yadi. Kowane sukan allura yana jan zaren yadin kaɗan zuwa tsakiya, dubban suka kuma a wuri guda sai su sa kewayen zanen ya yamutse. Ana maganin wannan ta hanya biyu. Ta farko, a liƙa wa bayan yadin farin ƙyalle mai gam da dutsen guga, ko a shimfiɗa masa takarda mai ɗan ƙwari. Ta biyu, a ɗaure yadin a zoben katako ya yi tsam kamar fatar kalangu, amma ba tare da an ja shi har saƙarsa ta karkace ba, domin yadin da aka tale zai koma yadda yake da zarar an kwance shi, ya tattare zanen.

Daidaita zare ma yana da nasa hukunci. Keke da zare biyu yake ɗinki, na sama daga allura, na ƙasa daga kwarkwaron da teloli suke kira bobin, suna sarƙewa a cikin yadi. A ɗinkin haɗi ana so sarƙewar ta tsaya a tsakiyar kaurin yadin. A surfani kuwa ana sassauta na sama kaɗan domin ya zagaya baya, kada na ƙasa ya leƙo a fuska. Alamar daidaito ita ce idan aka juya aikin a ga zaren ƙasa ya kama kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakiyar kowane layi. Allura mai lamba 11 ko 14 ta dace da wannan mataki. Haka nan ba a son faɗin cikon zane ya yi yawa, domin dogon zaren da yake kwance a sarari shi ne farkon abin da zobe ko bakin faranti zai kama ya fizge. Faffaɗan ganye gara a cike shi da gajerun suka masu hawa kan juna.

4.3 Haɗa Falle Uku

Ana shimfiɗa shafi a kan tabarma ko teburi, fuskarsa tana kallon ƙasa, a ɗora ciko, sannan a ɗora fuskar da aka yi wa aiki. Ana lallashe su da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, a kafe da fil ko da dogon ɗinkin hannu na wucin gadi, tazarar kamar faɗin tafi. Wannan mataki shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa, kuma shi ne yake raba aikin gwani da na ɗan koyo. Haƙoran keke falle na ƙasa kaɗai suke ja, ƙafar keke kuma tana danne na sama tana ɗan riƙe shi. A ɗinki mai tsawon inci 60 wannan ɗan bambanci yakan taru har fuska ta yi saura a ƙarshen layi, ta naɗe.

Saboda wannan dalili ake fara ɗinkin ciko daga layin tsakiya a nufi gefe, domin duk wani rarar yadi ya fita waje maimakon ya taru a ciki. Ana tsawaita taku zuwa suka 8 ko 10 a kowane inci, a sa allura mai lamba 14 ko 16, a rage nauyin dannawar ƙafar keke idan keken yana da wurin yin haka. Tsarin layukan da aka fi yi shi ne na gicciye mai fitar da gidajen dara a karkace, tazarar inci 2 zuwa 3, wanda shi ne tsarin da ake gani a jikin lifidi da yawa. Idan layi ya iso bakin zane sai a tsaya, a kewaye zanen da ɗinki ta gefensa. Yin haka yana danne filin da yake kewaye, furen kuma ya taso ya fito fili.

4.4 Rufe Baki

Bayan an gama ana daidaita gefuna da almakashi, a tabbatar kusurwoyi huɗu sun tsaya daidai. Kewayen shimfiɗa mai inci 14 da 60 shi ne inci 148, sai a ƙara kamar inci 10 saboda kusurwa da haɗi. Tsiri uku masu faɗin inci biyu da rabi daga yadi mai faɗin inci 60 sun isa. Ana haɗa su a karkace domin kada mahaɗar ta yi tudu, a naɗe tsirin biyu a tsawonsa, a goge, a ɗinka shi ta fuska, a juya shi baya a kalmashe. Ninki biyun yana da amfani, domin baki shi ne wurin da ya fi saurin cinyewa. Wasu sukan ƙara tuntu ko leshi a bakuna biyu, gwargwadon abin da uwar amarya ta zaɓa.

5.0 Sauye-sauyen da Keke ya Haifar

5.1 Ikon Zane

A tsohon tsari zane yana zaune ne a ƙwaƙwalwar mai zane da hannunsa. Yakan koya daga maigidansa, ya ƙara nasa, har a gane aikin wani gari daga na wani. Keken ƙafa da na lantarki ba su rushe wannan ba, sun dai ƙara sauri. Na'ura mai kwamfuta kuwa ta mayar da zane fayil, wanda ake saye ko a kwafa ko a sauko da shi daga intanet. Zane mai suka 10,000 a na'urar da take suka 800 a minti ba zai wuce minti 13 ba, in an cire lokacin sauya zare, kuma na ɗari zai fito daidai da na farko. Irin wannan na'ura tana da tsada, tana kuma buƙatar tsayayyar wutar lantarki da makanikin da ya san ta, abubuwan da suka fi samuwa a birni.

Sakamakon haka shi ne rabuwar aikin gida biyu. Mai ɗinki a gari irin Ɗanbatta tana iya yanka fuska ta aika Kano a buga mata zane, ita kuma ta yi haɗi da ciko da baki. Ɓangaren da ya fi jan ido da kuɗi ya koma hannun mai na'ura, wanda ya fi cin lokaci ya rage a karkara. Bayan wannan ga gasar kayan da ake shigowa da su a ɗinke daga Sin, a kasuwar da masaƙun cikin gida suka riga suka durƙushe, kamar yadda rufe masaƙar Kaduna ta KTL a 2002 ya nuna. Abin da ya rage wa mai ɗinkin gida shi ne abin da kanti ba ya iyawa: awo daidai da teburin mai saye, launi daidai da labulenta, da sauƙin biya kaɗan-kaɗan tsakanin mutanen da suka san juna.

5.2 Mata da Allura

A da rabon aikin tufafi a bayyane yake. Mata suna kaɗi, maza suna saƙar tsiri da rini da ɗinki da surfani. Yaɗuwar zaren masaƙa ya kashe kaɗi, wanda shi ne babbar sana'ar matan kulle, sai suka nemi madadinsa a ɗinkin hula da kayan gado. Elisha Renne (2004) ta nuna yadda matan birnin Zariya suka karɓi surfanin hannu na babbar riga a ƙarshen ƙarni na 20, sana'ar da a da ba a san su da ita ba. Shimfiɗar teburi tana cikin wannan jerin. Mace ce take ɗinka ta, mace take saye, a ɗakin mace ake shimfiɗa ta, mata 'yan ganin ɗaki kuma su ne masu yanke hukunci a kan kyanta. Kuɗin da aka samu yakan shiga adashi, adashin kuma ya koma sayen kayan ɗakin wata 'yar. Ta haka sana'ar take ciyar da al'adar da ta haife ta.

5.3 Kalmomin Sana'ar

Ga mai nazarin harshe, nan ne aiki yake. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen sassan riga, da nau'o'in zare, da kayan doki, waɗanda da yawansu matasan teloli ba sa amfani da su a yau. Kalmomin da suka zo da keke kuwa yawancinsu aro ne daga Ingilishi, kamar tela, da bobin, da fil, da inci, da leshi. Aro ba aibi ba ne, domin alharini da alkyabba da almakashi ma daga Larabci aka aro su, suka zauna daram. Abin dubawa shi ne wuraren da Hausa take da kalma tun asali amma aka tsallake ta. Shafi, da ciko, da kalmasa, da surfani, da kwarkwaro, duk suna iya ɗaukar ma'anar sabon aikin ba tare da tilas ba. Ita kanta dabarar haɗa falle uku ana iya kiran ta ɗinkin lifidi, sunan da zai tuna wa mai koyo cewa abin da take yi yana da tarihin da ya haura shekara 600 a ƙasar Kano. Cibiyoyin koyar da sana'a da masu rubuta littattafan koyon ɗinki da Hausa su ne za su iya tabbatar da irin waɗannan kalmomi a bakin masu sana'a.

6.0 Kammalawa

Hausawa sun ce zamani riga ne. Shimfiɗar teburi mai ciko rigar wannan zamani ce, amma da tsohon zare aka ɗinka ta. Maƙalar ta nuna cewa ƙa'idar raba ciko gida-gida ta zo ne daga lifidi, ƙa'idar shata zane a cike shi kuma daga aikin babbar riga, keke ya haɗa su a kan ƙyalle guda. Ta kuma nuna cewa ingancin aikin ya rataya ne a kan matakan da ido ba ya gani: wankin farko, da liƙa wa yadi mataimaki, da daidaita zare, da kafe fallaye kafin ɗinki. Ta fuskar zamantakewa, sana'ar ta ba matan karkara abin yi bayan mutuwar kaɗi, sai dai na'ura mai kwamfuta tana janye mafi tsokar aikin zuwa birni.

Akwai ayyuka biyu da suke jiran manazarta. Na farko shi ne tattara sunayen zane da kalmomin aiki daga bakin masu ɗinkin keken ƙafa a garuruwa irin su Ɗanbatta da Kazaure da Bichi, tun masu riƙe da su suna kan keke. Na biyu shi ne adana hotunan kayan ɗakin amare bisa shekarun da aka yi su, domin zanen gado da shimfiɗar teburi ba sa shiga gidan tarihi kamar rigunan sarakuna. Amfani ake da su har su tsufa, daga nan su zama cikon wata sabuwar shimfiɗa.